Me Ya Kayar da Faransa a Dien Bien Phu?

Tambaya: Faransa na da jiragen sama, ga kuɗin Amurka a bayanta. Ta yaya mayaƙan Viet Minh, masu fafutukar ƙwato Biyetnam daga mulkin mallakar Faransa, suka murƙushe ta a Dien Bien Phu a 1954?

Amsa: Wurin da ta zaɓa ne ya fara cin ta. Dien Bien Phu kwari ne a arewa maso yammacin Biyetnam, dab da iyakar Laos, tsaunuka sun yi masa zobe. A Nuwamban 1953 Janar Navarre, kwamandan sojojin Faransa, ya sauke sojojin laima a can don ya tare hanyar Laos, ya kuma jawo abokan gaba fili a yi musu ruwan wuta. Lissafinsa kan abu biyu ya tsaya: filin jirgi zai ci gaba da aiki, kuma Janar Giap, kwamandan Viet Minh, ba zai iya haurawa da manyan bindigogi kan tsaunin ba.

Duka biyun suka ƙi. Giap ya samu igwa mai bakin milimita 105 da bindigogin kakkaɓo jirgi daga Sin. Da igiya aka ja su zuwa sama, aka haƙa musu ramuka a jikin tsaunin da ke kallon sansanin, inda jirgi ba ya ganinsu. Shinkafa kuwa dubban 'yan dako suka kai, wasu a kan kekunan da aka ƙara wa ƙarfi, kowanne na ɗaukar kilo 200 ko fiye, ana tura shi da ƙafa. Abin da ya fi nuna gwanintar Giap shi ne soke harin gaggawar da aka shirya a Janairu; ya zaɓi haƙa ramukan yaƙi yana matsowa sannu a hankali.

Viet Minh suka buɗe wuta ranar 13 ga Maris. Kafin watan ya ƙare jirgi ya daina sauka, sai jefa kaya ta laima, da yawa kuma a hannun Viet Minh suke faɗawa. Damina ta zo ta cika ramukan Faransawa da taɓo.

Amurka ce ke biyan kaso mafi tsoka na kuɗin yaƙin a lokacin, amma Shugaba Eisenhower ya ƙi tura jiragen yaƙi ba tare da Ingila da amincewar majalisar dokokin Amurka ba. Sansanin ya faɗi ranar 7 ga Mayu. Washegari aka fara zancen yankin a taron Geneva, inda a Yuli aka raba Biyetnam biyu, Arewa da Kudu, na wucin gadi, da alkawarin zaɓen sake haɗe ta a 1956. Ngo Dinh Diem, jagoran Kudu, da goyon bayan Amurka, ya ƙi yin zaɓen.