Tambaya da Amsa: Me Nazariyya Za Ta Tsinana wa Mai Son Riƙe Makirufo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu a sashen koyar da aikin jarida na wata jami'a. Burina tun ina ƙarama shi ne in karanta labarai a rediyo, amma yau shekara guda da rabi ke nan, sau biyu kacal na taɓa makirufo. Kullum sai darasin nazariyyoyin sadarwa, waɗanda muke kira tiyori, da haddar sunayen Turawa da shekarun da suka yi rubutunsu. Shin waɗannan abubuwa suna da amfani ga wanda zai yi aiki a gidan rediyon Hausa, ko kuwa jarrabawa kawai ake ci da su? — Wata ɗaliba daga Gusau

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Kukanki game da ƙarancin shiga sutudiyo yana kan hanya, kuma ya kamata ku kai shi ga shugaban sashenku. Sai dai a kan nazariyya ban yarda da ke ba, ko da yake ni ma na daɗe ina yi mata irin kallon da kike yi mata.

Lokacin da na fara aiki a wani gidan rediyo, an ajiye ni kusa da editan labarai na yamma. Minti goma ne lokacin labaran, takardun da ke gabansa kuwa, tsakanin na wakilanmu da na kamfanin dillancin labarai, za su ci awa guda idan aka ce a karanta su duka. Da jan biro a hannunsa yakan ɗauki takarda, ya duba layi biyu na farko, ya ajiye ta dama ko hagu, ba tare da ya ce wa kowa uffan ba. Wata rana na ga rahoton amai da gudawa a wani ƙauye ya tafi hagu, labarin baƙin da suka kai wa gwamna gaisuwa ya zama na ɗaya. Da na yi ƙarfin halin tambaya, sai ya ce wakilin bai samu jin ta bakin hukuma ba, ya ci gaba da aikinsa. Sai bayan shekaru na gano cewa abin da na gani a teburin nan yana da suna a littafi. A 1950 David Manning White ya wallafa binciken da ya yi a kan wani editan jarida a Amurka, wanda ya roƙa ya adana duk labaran da ya ƙi bugawa a mako guda, ya kuma rubuta dalilinsa a kan kowane. Kusan tara cikin goma na abin da ya shigo masa bai kai ga masu karatu ba, kuma da yawan dalilan nasa ba su wuce son ransa da abin da ya ɗauka gaskiya ne ba. Wannan ita ce nazariyyar mai tsaron ƙofa. Ranar da za a ba ki jan biro, ke ce mai tsaron ƙofar, kuma gara ki zauna a kujerar kina sane da haka.

Daga nan ne nazariyyar tsara ajanda ta ɗora. Maxwell McCombs da Donald Shaw sun tambayi masu zaɓe kimanin 100 waɗanda ba su yanke shawara ba a garin Chapel Hill lokacin zaɓen shugaban Amurka na 1968, suka tarar cewa batutuwan da mutanen ke ɗauka mafi muhimmanci su ne waɗanda jaridu da talabijin suka fi bai wa fili. Sun wallafa sakamakon a 1972. Ma'anarsa ita ce kafar labarai ba lallai ta canja maka ra'ayi ba, amma ita ce ke zaɓa maka abin da za ka yini kana muhawara a kai. Duk wanda ya taɓa zama a Kano ya ga yadda maganar da aka yi a shirin siyasa na dare ke zama abin tattaunawa a tasha da kasuwa washegari, ba zai buƙaci dogon sharhi ba.

Wadda na fi son ki tsaya a kanta, domin ta fi kusa da rayuwarmu, ita ce ta isar saƙo a zango biyu. A farkon zamanin rediyo an yi zaton saƙon kafar labarai kamar allura yake, da an tsira wa mutum sai ya bi jikinsa. Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa suka bi diddigin mutum 600 a gundumar Erie ta jihar Ohio a Amurka wata bayan wata a lokacin zaɓen 1940, suka ga cewa kaɗan ne yaƙin neman zaɓe ya sauya wa ra'ayi, kuma mutane sun fi ambaton wani ɗan'uwa ko abokin aiki a matsayin wanda ya rinjaye su. Labari yakan fara sauka ne wurin wasu mutane da ake jin maganarsu, su kuma su tace shi su miƙa wa na kusa da su. Ki lura da teburin mai shayi da safe bayan an gama sauraron sashen Hausa na BBC, wanda ke watsa shirye-shirye tun 1957. Rediyon ɗaya ce, kowa ya ji da kunnensa, amma sai an juya ga wani dattijo ko wani malamin makaranta an ce, "To, Malam, yaya ka ga wannan magana?" Abin da ya faɗa shi ake tafiya da shi gida.

Wannan ba hira ba ce kawai, ta taɓa shafar lafiyar 'ya'yanmu. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa saboda jita-jitar cewa maganin na hana haihuwa, ba a koma yi a Kano ba sai a tsakiyar 2004. Sanarwa a rediyo ba ta yanke ba a tsawon wannan lokaci, amma maigidan da ya ji limamin unguwarsu yana shakka bai buɗe ƙofarsa saboda sanarwa ba. Al'amarin ya sauya ne sosai da aka jawo sarakuna da hakimai da masu unguwanni da malamai cikin aikin, har aka kai ga ayyana Najeriya a matsayin wadda ta rabu da cutar a 2020. Wanda ya fahimci darasin Lazarsfeld, idan aka ba shi aikin wayar da kai, zai fara tambayar wa ake jin maganarsa a garin kafin ya rubuta kalma ɗaya ta sanarwa.

Inda nake tare da ke shi ne yadda ake koyar da waɗannan abubuwa a wurare da yawa, a riƙa karanto su kamar nassi, ɗalibi ya haddace ya juye a takardar jarrabawa ya manta. Kusan dukkansu an gina su ne a kan masu zaɓen Amurka da masu karanta jaridunta, saboda haka wajibi ne a gwada su a kan namu yanayin, a ga inda suka yi daidai da inda suka gaza. Shahararren rabon tsarin jaridar ƙasashen duniya gida huɗu da Siebert da Peterson da Schramm suka yi a 1956 an rubuta shi ne da idon yaƙin cacar baka, kuma da wuya ki samu gidan da zai ɗauki Najeriyar 1984, inda jaridu masu zaman kansu ke fitowa kullum amma aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian a ƙarƙashin Doka ta 4 ta gwamnatin soja. Ƙorafin ƙasashe irin namu a kan yadda labarai ke kwarara daga ɓangare ɗaya na duniya shi ya haifar da rahoton kwamitin MacBride na UNESCO a 1980, kuma na so a ce malamai sun fi ba shi lokaci a aji.

Shekarun da kike kuka da haddarsu ma suna da amfaninsu, domin su ke nuna miki wace nazariyya ce ta zo ta gyara wace. Shawarata ita ce ki buɗe littafi guda, duk nazariyyar da aka koya muku ki rubuta ta cikin jimla biyu da Hausa, sannan ki nemo mata misali daga labaran da kika saurara a makon. Idan kin kasa faɗinta da Hausa, ki koma wa malamin, domin ba ki gane ta ba tukuna. Ki kuma nemi wani gidan rediyo a garinku ki riƙa zuwa lokacin hutu, ko da ɗaukar takarda za a sa ki, ki zauna kusa da edita.

TAMBAYA: Malam, na yi digiri a fannin Hausa, ina kuma sha'awar aikin jarida. Dole ne sai na koma na karanta shi daga farko? — Wani mai karatu daga Azare

AMSA: Ba dole ba ne, ɗan'uwa. Abubakar Imam malamin makaranta ne a Katsina kafin ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, kuma har yau gidajen rediyo na neman wanda ya iya fassara da tsara jimla mai daɗin ji. Abin da za ka rasa shi ne dokokin aikin, musamman na ɓata suna, da ƙa'idojin Hukumar Kula da Kafafen Watsa Labarai ta Ƙasa, da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Difloma ta gaba da digiri, wadda jami'o'i da dama ke bayarwa a wannan fanni, za ta cike maka wannan giɓi, kuma wasu suna yin karatun a ƙarshen mako saboda masu aiki.