Raino a makarantar nasare: wace takarda ake nema, nawa ake biya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Ni mazauniyar Gombe ce, na gama sakandare shekara uku da suka wuce. Ina aikin kula da ƙananan yara a wata makarantar kuɗi, ana ba ni naira dubu ashirin a wata, in an yi hutu kuma babu ko sisi. Wane karatu ya kamata in yi don aikin nan ya riƙe ni? Kuma shin doka ba ta ce komai a kan albashinmu ba?

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara da dokar, don a nan ne mutane suka fi ruɗewa. A watan Yulin 2024 aka sa hannu a kan naira dubu 70 a matsayin mafi ƙarancin albashi a Najeriya. Sai dai dokar ta cire duk wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ƙirga ma'aikatan makarantarku, har da maigadi da mai shara. In ba ku kai ba, mai makaranta bai karya wannan doka ba, ko da yake a wurina dubu ashirin ga wadda ke wuni da 'ya'yan mutane ba adalci ba ne.

Batun karatu kuwa, mafi ƙarancin takardar koyarwa a ƙasar nan ita ce NCE, shekara uku ake yin ta, kuma akwai sashe na musamman na raino da ilimin ƙananan yara da ake kira ECCE. Kwalejojin ilimi ba su yi miki nisa ba: akwai ta tarayya nan cikin Gombe, akwai ta jiha a Billiri, a Bauchi kuma ga ta Aminu Saleh a Azare da ta Kangere. Ki je da takardunki na WAEC ko NECO ki tambayi sharuɗɗan shiga na bana, ki tabbata kina da kiredit a Turanci da Lissafi. In barin aiki ba zai yiwu ba, Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, tana da tsarin NCE na karatu daga nesa. Bayan kin gama sai ki zauna jarrabawar TRCN, hukumar da ke yi wa malamai rajista.

Amfanin takardar NCE ya fi bayyana a aikin gwamnati. Ajin share fagen shiga firamare yana ƙarƙashin SUBEB, wato hukumar ilimin matakin farko ta jiha, kuma mai NCE kan fara ne daga matakin albashi na 7, mai digiri na 8, ga fansho, ga albashi ko ana hutu. Ba zan ruɗe ki ba, ɗaukar aikin ba kullum ake yi ba, kuma wata ƙaramar makarantar ba za ta ƙara miki komai ba don kin kawo NCE. Amma manyan makarantun kuɗi suna neman ta, kuma da ita za ki iya zama ki yi ciniki.

Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda ake ɗaukar raino kamar aikin da kowace mace za ta iya tunda dai mace ce. Na taɓa zuwa duba ɗalibaina masu gwajin koyarwa a wata makaranta, na tarar da yara sun haura arba'in a kan tabarma biyu, anti ɗaya. Tana canza wa wani kunzugu, wata yarinya a lungu ta yi lamo, jikinta zafi rau, babu wanda ya lura tun safe. Ba sakacin antin ba ne, hannu biyu gare ta. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce mai raino ɗaya ga jarirai 10, malama ɗaya ga yara 25 a nasare. Karatun ECCE shi zai koya miki gane yaron da ba ya ji sosai, da wanda maganarsa ta yi jinkiri, da dalilin da ya sa ɗan shekara uku ya fi koyo da waƙa da wasan ƙasa cikin harshen gidansu fiye da a danƙa masa fensir a ce ya cika shafi.

Kafin nan, ki samu mai makarantar cikin ladabi ki nemi a rubuta yarjejeniya: nawa ne albashi, ranar nawa ga wata, ƙarfe nawa ake tashi, da abin da za a ba ki lokacin hutu ko da rabi ne. In iyaye na barin yara har bayan la'asar ana karɓar kuɗin ƙarin lokaci, ki nemi kasonki a rubuce. Ki kuma koyi taimakon gaggawa, musamman abin da ake yi wa yaron da abinci ya shaƙe ko zazzaɓi ya sa shi jijjiga. Ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi na unguwarku za su iya nuna miki in kin tambaya.