Filin Tambaya da Amsa: Salon Maganar Turanci a Labarin Siyasa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatun aikin jarida. Na rubuta labari da Turanci kan wani jigo da ya mara wa ɗan takara baya, na ce "he threw his weight around", sai aka ja mini jan biro a ƙasan jimlar. Ina matsalar take? Daga wata ɗaliba, Samaru, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Mai jan biron yana da gaskiya. Abin da kike nufi shi ne "threw his weight behind", sannan sunan ɗan takarar ya biyo baya, wato ya sa ƙarfinsa da jama'arsa wajen goyon bayansa. Da kika sa "around" sai kika mai da jigon mai nuna isa, mai taka mutane don yana da iko. A jarida wannan zargi ne, kuma yana iya jawo miki takardar lauya.

Yawancin waɗannan kalamai da hukunci a cikinsu. Idan kika ce wani yana "pulling the strings", kin ce shi ke juya akalar gwamnati a ɓoye, mai kujerar kuwa ɗan amshin shata ne. Haka "power behind the throne". Kada ki rubuta su sai da hujja a hannu, ko ki jingina maganar ga wanda ya faɗa. In ba haka ba, "influential" ta wadatar, ko "wields influence". Ki lura, "wields" ne, domin "yields" miƙa wuya take nufi.

Mu a Zazzau sai mun ƙara hattara da "kingmaker". Bature yana kiran duk wanda ke ɗora wasu kan mulki da wannan suna, tun daga Richard Neville na Warwick, wani basarake a Ingila da ya rasu a 1471. A nan kuwa masu zaɓen sarki sananniyar majalisa ce, kamar yadda kowa ya gani a 2020 bayan rasuwar Sarki Shehu Idris. Idan ubangidan 'yan siyasa kike nufi, ki ce "political kingmaker", ko "godfather" yadda jaridunmu suka saba, don kada mai karatu ya zaci fada kike magana.

Ana rubuta "toe the line" ga mai bin umarnin jam'iyya, ba "tow" ba. Sauya sheƙa kuma, "cross-carpeting" da "decamp" namu ne na gida. In rubutun zai fita waje, "defect" za ki sa. "Lame duck" ba ragon shugaba ba ne, shi ne wanda wa'adinsa ke ƙarewa kuma an riga an zaɓi magajinsa, kamar gwamna mai barin gado kafin 29 ga Mayu.

Salo ɗaya ya isa a sakin layi, kuma kafin ki miƙa aiki ki duba ƙamus ki ga ƙaramar kalmar da ke rakiyarsa, irin su "behind" da "around".