Ki bar su su karanta Ayuba har ƙarshe

Ɗiyata sannu da ƙoƙari, ya gida ya aiki? Na ga saƙonki tun daren jiya amma ban amsa ba, don ba irin maganar da ake amsawa a tsaitsaye bace, sai da na kwana da ita na yi addu'a tukuna. Kince an baki ajin matasa a makarantar Lahadi, 'yan shekara 13 zuwa 17, kuma ran Lahadin nan wata yarinya da mamanta ta rasu bayan doguwar jinya ta ɗaga hannu ta tambayeki, in dai Allah mai ƙauna ne me yasa ya bar mamanta da bata fashin sujada ta sha wannan azaba alhali ga mugaye nan suna yawo lafiyarsu ƙalau. Kince kin rasa ta cewa. Sannan kika tambayeni wai me yasa mu malaman da in an zo kan wannan magana bama bada amsa kai tsaye, sai mu ɗauko littafin Ayuba mu yi ta jansa sati da sati, mu kuma kwashi yara mu kai su gaida marasa lafiya, ko dai dabara ce ta kauce wa tambayar.

Ba kaucewa bace ɗiyata. Nima da farko raina abin na yi, sai da na ji a jikina.

Shekarata ta biyu da fara koyarwa akwai wani yaro a ajina ɗan shekara 15, shine mai share mana aji ya jera benci kafin kowa ya zo. Babansa ya rasu a hatsarin mota yana dawowa daga aikin bishara. Bayan sati uku yaron ya dawo, ya zauna can baya inda ba wurin zamansa ba, ana cikin darasi sai yace Malama, babana fa aikin Allah ya je yi, me yasa Allah bai tsare motar ba? Ni kuma saboda tsoron kada aji ya ga malama bata da amsa, nan take na buɗe Romawa 8:28 na karanta masa, inda ake cewa Allah yana sa kome ya yi aiki domin alherin masu ƙaunarsa. Har yau ina ganin hannun yaron nan, a hankali ya rufe Littafi Mai Tsarkinsa ya ɗora tafinsa a kan bangon, bai ce uffan ba, kansa a sunkuye har aka tashi. Wata bakwai bai sake taka ajin ba. Ayar gaskiya ce kuma har gobe ina tsaye a kanta, amma abinda ya shiga kunnensa ran nan shine mutuwar babansa alheri ce, kuma bashi da izinin kuka. Da na kai kukana wurin tsohuwar malamar da ta rene ni a koyarwa bata yi min faɗa ba, cewa kawai ta yi je ki karanta Ayuba daga fari har ƙarshe kada ki tsallake ko aya ɗaya, sannan ki dawo mu yi magana.

Kinga yawancin yaranmu sura uku kawai suka sani a Ayuba, ta 1 da ta 2 da ta 42. Sun san ya rasa tumaki 7,000 da raƙuma 3,000 da 'ya'yansa goma a rana ɗaya, yace Ubangiji ya bayar Ubangiji ya karɓa, sai a yi wuf a tsallaka ƙarshe a ce an ninka masa dukiya, darasi shine ka yi haƙuri za a ninka maka. Toh surori 39 ɗin da ke tsakani fa, don ado aka rubuta su? A sura ta 3 mutumin nan da Allah da kansa ya shaida cewa amintacce ne ya buɗe baki ya la'anci ranar da aka haife shi. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun fara da kyau, kwana bakwai dare da rana suna zaune a ƙasa tare da shi ba wanda ya ce masa kome don sun ga zafin ya yi yawa. Da suka fara magana ne abu ya lalace. Elifaz yace ka tuna mana, ka taɓa ganin marar laifi ya hallaka? Bildad, Allah sarki, ya kalli mutumin da ya rasa 'ya'ya goma yace masa in 'ya'yanka sun yi zunubi ai hakkinsu ne ya kama su. Zofar kuwa cewa ya yi hukuncin ma bai kai laifinka ba. Kuma fa ba arna bane masu zagin Allah, kare Allah suke yi a ganinsu, maganarsu cike da hikima kamar wa'azi, in kika karanta wa yara ba tare da kin faɗi mai maganar ba wasu har amin za su ce.

Sai a 42:7 Allah yace wa Elifaz ya husata da shi da abokansa biyu, don basu faɗi gaskiya a kansa ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi. Ayuban da ya yi ta kuka yana gardama yana neman a tsaya shari'a da shi, shi ne aka ce ya yi musu addu'a. Wannan ne dalilin da yasa muke jan littafin sati da sati. In kika gaya wa ɗan shekara 16 a minti biyar cewa ba kowace wahala ce hukunci ba zai gyaɗa kai ya manta, amma in ya yi wata biyu yana jin Elifaz yana ganin kamar yana da gaskiya, sannan ya zo ya ji abinda Allah yace masa, wannan ba ya fita a ransa. Ni nakan raba musu, wannan ya karanta muryar Bildad wancan ya karanta ta Ayuba, a tsaye, da ƙarfi, sai ki ga mai karanta Bildad da kansa yana jin nauyin abinda ke fita daga bakinsa.

Ki kuma nuna musu abu biyu da ake yawan tsallakewa. Daga sura 38 zuwa 41 Allah ya amsa daga cikin guguwa, ya tambayi Ayuba ina yake lokacin da aka kafa harsashin duniya, ya yi masa zancen taurari da jimina da doki da lokacin haihuwar awakin dutse, amma ko sau ɗaya bai gaya masa zancen da aka yi da Shaiɗan a sura ta 1, inda aka ba shi izinin gwada Ayuba, ba. Mu masu karatu mun sani, shi ba a faɗa masa ba. Abinda ya samu shine Allah da kansa ya zo, har yace da da kunne yake jin labarinsa amma yanzu ya gan shi da ido. Na biyu, tumaki sun koma 14,000 raƙuma 6,000, an sake ba shi 'ya'ya maza bakwai mata uku, amma goman farko basu dawo ba, kuma duk uwar da ta taɓa binne ɗa ta san sabon jariri ba ya share kabari. Kada ki bari yarinyar nan ta ɗauka ana ce mata za a biya ta mamanta da wani abu.

Akwai inda ban yarda da wasu tsofaffinmu ba, gara in faɗa miki. Wasu in yaro ya yi irin wannan tambaya sai su daka masa tsawa wai ba a tambayar Allah. Wannan ba daga Littafi Mai Tsarki ya fito ba sam. Habakkuk ya fara littafinsa da har yaushe zan yi ta kuka ba ka ji ba. Irmiya a sura 12 ya tambayi dalilin da yasa mugaye ke cin nasara, Asaf a Zabura 73 yace saura kaɗan ƙafarsa ta zame da ya ga jin daɗin masu girman kai, kinga tambayar yarinyarki kenan tun kafin a haifi kakanninta. Zabura 88 ma da duhu ta ƙare, ba wata yabo a ƙarshenta, kuma aka bar ta cikin littafin waƙoƙin sujada. Ubangijinmu a kan gicciye da Zabura 22 ya yi kuka, ya Allahna don me ka yashe ni. Yaron da aka hana ya kai wa Allah tambayarsa ba dainawa yake yi ba, waje yake kai ta, kuma da yawa daga can basa dawowa. Shi yasa nakan raba musu takarda in ce kowa ya rubuta tasa zaburar kuka, ba suna, ba kuma mai karantawa sai in ya so.

Ki kula da wani abu kuma, yaran yanzu suna jin wa'azi iri iri a waya, wasu ana gaya musu in bangaskiyarka ta kai ba ciwo ba talauci. Yarinyar nan wataƙila bata faɗa miki ba amma a ranta tana auna abu biyu, ko mama tana da ɓoyayyen zunubi ko kuwa addu'ata ce bata kai ba. Dole ki cire mata wannan ƙaya da bakin Yesu kansa. A Yohanna 9 almajirai sun ga wanda aka haifa makaho suka ce wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa, yace ba shi ba ba kuma iyayensa ba. A Luka 13 ya kawo zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo musu, yace kuna tsammani sun fi sauran mutanen Urushalima laifi ne? A'a. Sannan ki kai su Ayyukan Manzanni 12, sura ɗaya fa, sarki Hirudus ya kashe manzo Yakubu da takobi, Bitrus kuma mala'ika ya fito da shi daga kurkuku, ki tambaye su wa ya fi wani bangaskiya. Haka Ibraniyawa 11, aya 34 wasu sun tsere wa kaifin takobi, aya 37 wasu an kashe su da takobi, kuma duka an yabe su saboda bangaskiya. Bulus da ya warkar da wasu, sau uku yana roƙo a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka ce masa alherina ya ishe ka.

Ba wai bamu da abin faɗi bane gaba ɗaya. Wata wahala mutum ne ke jawo wa kansa, abinda ka shuka shi za ka girba, Galatiyawa 6:7. Wata muguntar wani ce ke faɗa wa marar laifi kamar Habila da ɗan'uwansa ya kashe da Nabot da aka kashe saboda gonarsa, don Allah bai yi mu kamar gumaka marasa zaɓi ba. Wata kuma, irin ciwo da fari da girgizar ƙasa, Romawa 8 tace halitta dukanta nishi take yi kamar mai naƙuda tana jiran fansa. Ki koya musu wannan, manyan cikinsu ma za su so gardamar. Amma wannan darasin ranar da ba a yi rasuwa bane. In aka zo kan me yasa mamata, ita ɗin nan, a wannan shekara, ki ce mata gaskiya, ba a bayyana mana ba, kuma malamin da yace miki ya sani ki yi hankali da shi.

Zancen kai su gaida marasa lafiya kuwa daga Romawa 12:15 ne, ku yi kuka da masu kuka, da kuma Yesu a kabarin Li'azaru, ya san zai tashe shi amma sai da ya yi hawaye. Mukan nemi izinin gidan tukuna, yara huɗu ko biyar kawai, minti ashirin, kuma nakan gaya musu tun a hanya ba wa'azi za mu je yi ba. Na tuna mun je wurin wani dattijo da ya yi shekaru yana bi da waƙa a coci, shanyewar ɓarin jiki ta kama shi bakinsa ya karkace magana bata fita. Akwai wani yaro a cikinsu da ba ya iya zama wuri ɗaya ko na minti biyu, sai gashi ya zauna a bakin gadon shiru, da ya ga yawu na zubo wa tsohon ya zaro hankicinsa ya goge masa ba wanda ya sa shi. Can sai tsohon ya fara gunjin wata waƙa a maƙogwaro, ba kalma sai murya, yaran suka gane ta suka kama a hankali, matarsa ta juya ta fuskanci bango tana share ido. A hanyar dawowa yaron nan yace Malama har yanzu ban gane me yasa ba, nace nima, yace amma sati mai zuwa za mu koma ko? Muka yi ta komawa har tsohon ya rasu.

Kada kuma ki bar su ba bege. Allahn da muke koya musu ya shiga wahalar da kansa, an yi masa shari'ar ƙarya an kashe shi, ya kuma tashi, kuma Ru'ya ta Yohanna 21:4 tace zai share kowane hawaye, mutuwa ba za ta ƙara kasancewa ba. Lokacin faɗa ne kawai za ki lura da shi. Yusufu yana ɗan shekara 17 labarinsa ya fara, sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna, kuma maganar nan ta Farawa 50:20, kun nufe ni da mugunta Allah ya nufe shi da alheri, shi ya faɗa da bakinsa bayan shekaru masu yawa, ba wani ne ya leƙa cikin rijiyar ya faɗa masa ba. Yaron nan nawa da babansa ya rasu a hatsarin mota, gidansu na je daga baya na roƙi gafararsa na zauna yana bani labarin babansa, kuma bayan ya zama magidanci shi da kansa ya karanta min Romawa 8:28 ɗin.

Dan Allah kada ki jira Lahadi, ki je ki ga yarinyar nan cikin satin nan, ki ce mata ta yi daidai da ta tambaya, ki ce ta baki labarin mamanta, in ta yi kuka ki barta kada ki yi saurin buɗe aya. Ki sa ido kuma, in kika ga ta daina cin abinci ko barci ko tana zancen gara ta bi mamanta, kada ki riƙe wannan ke kaɗai, a ranar ki gaya wa babanta da fasto a kai ta ga likita. Ki kira ni bayan kin dawo daga wurinta in ji yadda kuka yi, sai mu zauna mu raba surorin Ayuba sati sati. Ki gaida mutanen gida.

Goggonki