Fim ɗin Mario ya kai yadda ake zuzuta shi?

Malam, ka tambaya ko katun ɗin 2023 na Mario, jarumin wasan bidiyo na kamfanin Nintendo, ya cancanci surutun da ake yi. Mu nan Birni, a Damagaram, a waya muka kalla, yara shida sun yi cincirindo bisa tabarma. Da Mario ya haɗiye laimar kwaɗi ya ƙara girma, ƙanena ya daka tsalle, wai haka yake yi a wasan Nintendo. Kawu kuwa gyangyaɗi ya kama, ya ce labarin ba nama, gudu ne da tsalle kawai. Masu sharhi da dama a Amurka ma haka suka gani, amma fim ɗin ya tara sama da dala biliyan 1. In ɗanka na buga wasan, nuna masa. Ka dai cika waya da caji, minti 92 ne.