Wa zan kai wa ƙara?

Tambaya: Anti, wani ƙato yana turo wa 'yata mai shekara 12 saƙonnin batsa a WhatsApp. Wace hukuma ce ke kare yara a intanet? Wata uwa, Kano.

Amsa: Hajiya, kada ki goge saƙonnin, ki adana lambarsa. Abin haushin, aikin a rarrabe yake: hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, na wayar da kan iyaye, hukumar yaƙi da safarar mutane, NAPTIP, na farautar masu lalata da yara, 'yan sanda kuma na da cibiyar laifukan intanet a Abuja. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta yaudarar yara don lalata. In ni ce ke, ofishin NAPTIP na Kano zan nufa da wayar a hannu. Yarinyar kuma, don Allah kada ki dake ta.