'Yata ta samu gurbi a Ummul Ƙura amma ganinta na raguwa, mu ɓoye ko mu faɗa wa jami'a?

Tambaya daga wata uwa a Makka: Assalamu alaikum malama. Mu mazauna Makka ne, igama gare mu, wato takardar izinin zama, ba jinsiyya ta 'yan ƙasa ba, 'yata ta gama sanawiyya, wato sakandare, da sakamako mai kyau kuma Allah ya ba ta minha ta cikin gida, wato tallafin karatu na baƙi mazauna ƙasar, a Jami'ar Ummul Ƙura. Matsalar ita ce tun tana ƙarama take da dundumi, yanzu abin ya ƙaru, ko da rana ba ta ganin gefe sai abin da ke gabanta tsaf, karatu kuma sai ta manna takarda a fuska. Likita ya ce ciwon a jijiyar bayan ido yake, tabarau ba zai gyara ba. Babanta ya ce kar a faɗa wa kowa a jami'a, tsoronsa kar a janye minhar, kuma kar magana ta yaɗu a dangi saboda aure. Ni kuma ina ganin wahala za ta sha. Wane taimako ake yi wa irinsu, kuma mu da ba 'yan ƙasa ba muna da rabo a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya albarka a karatun nan, ya ƙara mata lafiya. Yarinyar da ta kai ga samun minha da wannan idon ba ƙaramar jaruma ba ce wallahi, ki fara gaya mata haka kafin komai.

Ku faɗa. Wannan ita ce shawarata kai tsaye, kuma ku faɗa da wuri, tun kafin a fara zangon karatu, a rubuce ba da baki ba. Na daɗe ina koyar da 'yan mata masu larurar gani a nan ƙasar, kuma abin da ya fi karya min zuciya shi ne wadda ta ɓoye, ta yi ta fama ita kaɗai, allon da duktura, wato malamar jami'a, ke haskawa ba ta gani, lambar aji ba ta gani, takardar jarabawa an buga da ƙananan haruffa ta ƙare rabin lokacinta wurin gano tambaya, sai sakamako ya fito maki ya faɗi sannan a zo ana neman a gyara. To a lokacin abin ya yi wuya, don makin da ya shiga ya shiga, kuma ɗalibin minha ana duba mu'addal ɗinsa, wato matsakaicin makinsa, in ya yi ƙasa sosai gargaɗi ake ba shi. Kin ga ke nan abin da Alhaji yake gudu, wato rasa minhar, ɓoyewar ce ta fi kusantar da shi ba faɗar ba.

Ta fuskar doka kuma ƙasar nan ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman tun 2008, a 2018 aka kafa hukuma ta musamman da ke kula da su, sannan a 2023 aka fitar da sabon nizami, wato doka, na haƙƙoƙinsu wanda ya maye gurbin tsohon na 2000, kuma ilimi da sauƙaƙe hanyar samunsa suna ciki, haka hana nuna wariya saboda larura. Karatun makafi ma ba baƙon abu ba ne a Saudiyya, Ma'ahadun Nur na farko, makarantar makafi a Riyad, tun 1960 aka buɗe shi. Kuma in Alhaji mai bin malamai ne ki tuna masa da Shaihu Bin Baz, wanda ganinsa ya tafi gaba ɗaya yana wajen shekara 20, ya shugabanci Jami'ar Musulunci ta Madina, ya rasu a 1999 yana Muftin ƙasa.

Inda za ku nufa shi ne Imadatu Shu'unid Ɗullab, wato ofishin kula da harkokin ɗalibai, ɓangaren mata. A manyan jami'o'in gwamnati galibi a ƙarƙashinsa ake samun sashen masu larura, wani wuri a kira shi markaz wani wuri wahda, Jami'ar Sarki Sa'ud a Riyad da ta Sarki Abdul'aziz a Jidda duk suna da irinsa. In kuka je ku ce kuna neman masu kula da zawil i'aƙa, wato masu larura, kowa zai gane. Ku tafi da takardar likita sabuwa daga asibitin gwamnati, da hatimi, kuma ki roƙi likitan kar ya tsaya a sunan ciwo kawai, ya rubuta ƙarfin ganin kowane ido da faɗin abin da take iya gani. Wannan na biyun ya fi muhimmanci a wurin 'yarki, saboda masu irin ciwonta sau da yawa za su karanto haruffan allon gwaji ba laifi, ma'aikaciya ta dube ta ta ce ai wannan tana gani, alhali kamar ta cikin bututu take leƙen duniya, matakala a gabanta ba ta gani ba, mutum a gefenta ba ta san da shi ba. In takardar ba ta bayyana wannan ba za a yi ta jayayya. Ku yi kwafi da yawa, asalin ya zauna a gida.

Abin da za ta nema kuma kar ta je ta ce a taimaka min kawai, ta ambaci abu da sunansa. Ƙarin lokaci a jarabawa. Takardar tambayoyi da manyan haruffa ko a kwamfuta. Ɗaki daban mai haske daidai, don masu wannan ciwon hasken da ya yi yawa ma damun su yake. In ta kai ga haka, wadda za ta karanta mata ta rubuta mata amsa, abin da suke kira katiba. Wurin zama a gaba. Izinin ɗaukar muryar muhadara, wato lacca, a waya. Sai wanda mutane suka fi mantawa kuma a ganina ya fi duk sauran amfani kullum: malamai su riƙa ba ta darasi a fayil na Word ko rubutu na gaske kafin aji, ba hoton shafi ba. Yawancin abin da ake turawa a Blackboard, shafin darussa na jami'a, da guruf ɗin WhatsApp na ɗalibai littafi ne aka ɗauka a hoto aka mayar PDF, manhajar da ke karanta wa makaho rubutu in ta zo kansa shiru take yi don a wurinta hoto ne, babu harafi ko ɗaya. Idan sashen ya yarda da buƙatunta ta nemi wasiƙa a hannu, farkon kowane zango ta kai wa kowace duktura da kanta a satin farko, kar ta ɗauka saƙo ya isa gare su, sau da yawa bai isa ba. Kuma a sake tunatarwa sati biyu kafin jarabawa, don shirya ɗaki da mai rubutu ba abin safiyar ranar ba ne.

Maganar igama, gara in gaya miki yadda abin yake don kar ki sa rai inda babu. Abu biyu ne. Akwai sauƙaƙe karatu da jarabawa, wannan na ɗalibar jami'a ne saboda ita ɗaliba ce, ta nema da ƙarfin gwiwa. Akwai kuma tallafin kuɗi na wata-wata da ma'aikatar walwalar jama'a ke bai wa masu larura, wannan asalinsa na 'yan ƙasa ne. A tsakiya akwai alawus ɗin jami'a da ake kira badal ƙari, kuɗin mai karanta wa ɗalibi makaho, shi wannan ku tambayi ofishin minha da sashen masu larura a rubuce ko ɗalibar minha tana shiga, ku karɓi amsar a rubuce, kar ku dogara da an ce a majalisar mata. Wanda uwarsa 'yar ƙasa ce kuma hukuncinsa daban, a harkar karatu ana yi masa mu'amalar ɗan ƙasa, na faɗa ne saboda gidajenmu na Hausawa a Makka da Jidda a cakuɗe suke, gida ɗaya wani na da jinsiyya ɗan baffansa na da igama.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe Hajiya, ya fi duk takardun nan. Irin ciwon da kika kwatanta yawanci a hankali yake ƙaruwa, likitanta ne zai faɗi nata yanayin, amma hikima ita ce ta koyi aiki ba da ido ba tun tana da sauran gani, ba sai ya ƙare a tsakiyar shekara ta uku ana shirin bahasi, wato rubutun bincike, ba. Wayar da ke hannunta tana da mai karantawa a ciki kyauta, in iPhone ce VoiceOver, in Android ce TalkBack, duk suna karanta Larabci. A kwamfuta ta sauke NVDA, kyauta ne shi ma, ba sai kun sayi JAWS mai tsada ba. Ta koyi buga rubutu da yatsu goma ba tare da kallon madannai ba, Larabci da Turanci, wannan kaɗai zai 'yantar da ita daga neman mai rubuta mata, kuma duk wadda ta taɓa yin jarabawa da bakin wata ta san wahalar, kina tunani kina jiran hannun wata, wani lokaci ma mai rubutun ba ta san kalmomin fannin ba ta rubuta wani abu daban. Satin farko da manhajar nan za ta ji haushi, muryar za ta dame ta, za ta ce ita idonta ya fi sauri, ki lallaɓa ta ta daure, bayan 'yan watanni za ki ji ta ƙara saurin muryar har ke ba kya gane me ake faɗa. In fannin shari'a ko Larabci za ta karanta ta yi sa'a, manhajar Maktaba Shamila cike take da littattafai a rubutu na gaske. Akwai kuma Seeing AI da ke karanta takarda ta kyamara, da Be My Eyes da ke haɗa ta da mai sa kai ta bidiyo in tana son a duba mata wani abu.

Birail ma, rubutun makafi da ake karantawa da yatsa, kar ta raina shi, ɗigo shida ne kacal ake jujjuyawa, kuma kunne ba ya koya wa mutum imla'i, wato ƙa'idar rubutu, da wasulla yadda yatsa ke koyarwa. Ga Mushafi na birail ana samu a Harami, wannan kaɗai ya isa dalili.

Sanda ce na san za a yi rigima a kanta. A wurinmu Hausawa farar sanda tana tuna wa mutane bara, uwa ba ta son ganin 'yarta budurwa da ita, ita yarinyar ma kunya take ji, na fahimta sarai. Amma harabar jami'a ba gida ba ce, ga matakala ga cunkoson fitowa daga aji ga ƙofofin gilashi, kuma kowa abaya baƙa, mai ƙarancin gani ba ta rabe mutum da inuwa. Sandar tana gano mata rami, tana kuma gaya wa mutane su ba ta hanya maimakon su ɗauka wulaƙanci ne ya sa ta bangaje su ko ta wuce ba ta gaishe su ba. Koyon ta ake yi a wurin masu horo, ba saya kawai a riƙe ba. Kafin a buɗe makaranta ku nemi izini ku shiga da ita lokacin babu jama'a, ta bi hanya daga ƙofa zuwa kulliyyarta, wato tsangayarta, zuwa banɗaki, masallaci, laburare, da inda direba zai riƙa tsayawa, ta maimaita har ƙafarta ta haddace. Jadawalin darussa kuma ta nemi na safe, ta guji wanda zai kai ta magariba saboda dundumin, a roƙi ajujuwan su zama kusa da juna.

A waje da jami'a akwai ƙungiyoyi, kusa da ku akwai Ibsar a Jidda, aikinsu ke nan horar da masu larurar gani, a Riyad kuma akwai Kafif. Ku kira ku tambayi sharuɗɗansu ga mai igama da kwasa-kwasan da ke buɗe. Ku tambayi likita ma ya tura ta asibitin da ke da sashen masu ƙarancin gani, can ake gwada mata gilashin ƙara girma da tabarau mai tace haske wanda ya dace da ita, kar ku saya a kanti da ka.

Ƙawaye za su taimaka, 'ya'yanmu akwai tausayi, amma kar karatunta ya rataya a wuyan ƙawa ɗaya, ranar da ta yi rashin lafiya ko suka saɓa shi ke nan an tsaya. Abin da ya fi shi ne ta san wata ɗaliba mai irin larurarta da ta riga ta shiga, sashen zai iya haɗa su, ita ce za ta gaya mata wace duktura ke turo fayil da wuri, wane gini lif ɗinsa ke aiki, kuma za ta ga da idonta cewa ana gamawa. In kika ga ta fara janye jiki, ba ta son fita, tana yawan kuka, jami'a na da masu ba da shawara kan damuwa, ta je, raguwar gani a wannan shekarun akwai nauyi a zuciya.

Batun aure da dangi kuwa, takardar da kuka kai ofis ta ofis ce, ba a shelanta ta, malaman da ke koyar da ita ne za su san abin da take buƙata. Wanda zai aure ta kuma dole ya sani ko ba jima ko ba daɗe, kuma gara ya same ta da shahadar digiri a hannu tana tafiyar da rayuwarta. Tunda irin wannan ciwon yakan bi jini, a kai ƙannenta ma a duba su, musamman in akwai mai tuntuɓe da daddare. Ki zauna da Alhaji cikin natsuwa, tsoronsa na uba ne, in zai yiwu ya raka ku wurin likitan ya ji da kunnensa, sannan ki bar yarinyar ita ta yi magana a ofishin, ke kina gefe, don shekara huɗu masu zuwa ita za ta riƙa shiga tana nema da bakinta.